Yabon Rashin Kamala: Sharhi a kan Littafin Rita Levi-Montalcini

Littattafan da mutane kan rubuta na labarin rayuwarsu iri biyu ne. Akwai wanda mai shi ke rubutawa don ya wanke kansa a idon jama'a, akwai kuma wanda ya ke rubutawa don na baya su ga hanyar da ya bi, da ramukan da ya faɗa. Littafin da za a duba a nan ya fi kusa da kashi na biyu. Wata likita ce Bayahudiya, mutuniyar ƙasar Italiya, mai suna Rita Levi-Montalcini, ta rubuta shi da harshen ƙasarsu. An buga shi cikin 1987, aka juya shi da Ingilishi cikin 1988. Sunansa da Italiyanci Elogio dell'imperfezione, watau Yabon Rashin Kamala.

An haifi wannan mata a birnin Turin ran 22 ga Afrilu 1909, ta rasu a birnin Rum ran 30 ga Disamba 2012, tana da shekara 103. Galibin waɗannan shekaru ta yi su ne a ɗakin gwaje-gwaje, a sunkuye bisa madubin likita, watau na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani. Mai karatu na Yelwa ko Ngaski ko Shanga ya san irin wannan ɗaki, gama can a kan tura shi da 'yar takarda in ya je asibiti, a ɗebi jininsa ko fitsarinsa a auna. Sabo da haka labarin bai yi masa nisa kamar yadda sunayen garuruwan su ka yi ba.

Asalinta da Karatunta

Kashin farko na littafin labarin gidansu ne, shi ne kuwa ya fi sauƙin karatu. Ubanta, Adamo Levi, injiniyan lantarki ne, mutum mai son 'ya'yansa, amma maganarsa ita ce doka a gida. A ganinsa karatu mai zurfi zai hana mace riƙon miji da 'ya'ya, don haka bai yi niyyar kai 'ya'yansa mata jami'a ba. Rita tagwaye ce, abokiyar tagwaitakarta Paola ta zama mai zane. Ita kuwa ta zauna a gida ba ta san inda za ta sa gaba ba, har ta kai shekara ashirin. A lokacin nan matar da ta rene su ta kamu da ciwon daji, ta rasu. Wannan rashi ya sa ta tunkari ubanta, ta ce likita ta ke so ta zama. Bai ji daɗi ba, amma bai hana ba. Cikin wata takwas ta koyi Latin da Girkanci da lissafin da a ke bukata, ta shiga makarantar likitoci ta Turin cikin 1930, ta fita da babban sakamako cikin 1936.

Abin yabo a nan shi ne yadda ta yi wa ubanta adalci. Ba ta ɓoye tsananinsa ba, ba ta kuma mai da shi azzalumi ba. Ta nuna shi mutum ne na zamaninsa, wanda ya yi kuskure a kan abin da 'yarsa za ta iya, sa'an nan ya sassauta da ya ga da gaske ta ke. Uban da ke da 'ya mace a gida zai iya karanta wannan kashi ba tare da ya ji an zage shi ba, amma da wuya ya gama bai yi tunani ba.

Malaminta a jami'a shi ne Giuseppe Levi, sunansu ne ya zo ɗaya, ba dangi ba ne. Shi ya koya mata rina jijiyoyi da ruwan azurfa don su fito sarai a madubi. Ya kamata a lura, Bahaushe na kiran abu biyu da sunan jijiya: akwai wadda jini ke gudu a cikinta, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, wadda da ita a ke ji, a ke motsi. Ta biyun ce sana'ar Rita duk tsawon ranta.

Ɗakin Kwana ya Zama Ɗakin Bincike

Cikin 1938 gwamnatin Musolini ta kafa dokar da ta hana Yahudawa koyarwa a jami'a da riƙe manyan ayyuka. Ba a tambayi kowa abin da ya aikata ba, asalinsa kaɗai a ka duba. Rita ta tafi Beljiyam ta yi aiki na 'yan watanni, ta komo gida a ƙarshen 1939, yaƙin Hitila ya riga ya ɓarke. To, sai ta kafa ɗakin bincike a ɗakin kwananta. Ta wasa alluran ɗinki su ka zama wuƙaƙen fiɗa, ta samo hantsakin masu gyaran agogo, da akwatin ɗumama ƙwai, ta shiga aiki a kan 'yan tayin tsaki tun suna cikin ɓawo.

Tambayar da ta ke bi ta samo ta ne daga wata maƙala da wani masani, Viktor Hamburger, ya buga cikin 1934. In an cire tohon fiffike ko na ƙafa daga ɗan tayin tsako, jijiyoyin da ya kamata su tafi wannan gaɓa sai su ƙaranta. Hamburger ya ɗauka ba su tsiro ba ne tun farko. Rita ta yi ta yanka, tana rinawa, tana ƙirgawa kwana bayan kwana, har ta ga ashe suna tsirowa daidai, daga baya ne su ke mutuwa, don ba su iske abin da zai rayar da su ba. Malaminta Levi, wanda shi ma an kore shi daga aiki, ya zo ya zama mataimakinta. Da ya ke mujallun Italiya sun rufe musu ƙofa, sai a Beljiyam da fadar Paparoma a ka buga sakamakon.

Da ruwan bama-bamai ya tsananta a Turin, iyalin su ka koma ƙauye. Ta riƙa hawa keke tana bi gona gona tana neman ƙwai mai zakara, tana ce wa manoma na yara ne. In ta gama aikinta a kan ƙwan, sai a soya saura a ci, gama abinci ya yi wuya. Irin waɗannan ƙananan labarai su ne gishirin littafin. Ta ba da su ba kuka, ba alfahari, har da 'yar dariya a wani wuri, alhali kuwa mutuwa na zagaya gidan.

Cikin kaka ta 1943 sojan Jamus su ka mamaye Italiya, su ka shiga kama Yahudawa suna tura su sansanonin hallaka. Iyalin su ka gudu zuwa Fulorans, su ka ɓuya da sunayen aro har watan Agusta 1944, sa'ad da sojan Ingila da Amurka su ka karɓe birnin. Nan ta miƙa kanta ga aikin jinya a sansanin 'yan gudun hijira, inda zazzaɓin taifot ke kashe mutane. Ita ce likita, ita ce mai jinya, tana cikin haɗarin kamuwa kamar kowa. Abin da ta gani a wurin ya sa ta gane zuciyarta ba za ta jure tsayawa a kan majinyacin da ba ta da ikon cetonsa ba, don haka da yaƙi ya ƙare cikin 1945 ta koma madubinta. Mutum ba ya faɗin irin wannan rauni nasa sai in gaskiya ya ke nufi.

Abin da ta Gano

Hamburger ya karanta aikinta, ya ga ta saɓa masa, maimakon ya ji haushi sai ya gayyace ta. Cikin 1947 ta isa Jami'ar Washington a birnin Sant Luwis na Amurka da niyyar 'yan watanni, ta yi shekara talatin. A can su ka ga in an dasa wani irin ƙarin daji na ɓera a jikin ɗan tayin tsako, jijiyoyi kan yi ta tsiro fiye da kima, har su shiga inda ba su saba shiga ba. Ta yi zaton ƙarin yana sakin wani sinadari ne cikin jini. Amma zato ba shaida ba ne.

Don neman shaida ta tafi Riyo di Janairo ta ƙasar Barazil cikin 1952, ɗauke da ɓeraye biyu masu ƙarin, wurin wata tsohuwar ƙawarta, Hertha Meyer, gwanar rayar da tsokar jiki a cikin gilashi. Su ka ajiye ɗan guntun ƙari kusa da ɗan ƙullin jijiya a cikin ɗigon ruwa. Kafin kwana ɗaya zaruruwan jijiya sun fito sun kewaye ƙullin kamar yadda wata kan yi lema. Daga 1953 wani masanin sinadarai, Stanley Cohen, ya shiga aikin. Ya yi amfani da dafin maciji don ya tsarkake sinadarin, sai ga shi dafin da kansa ya fi ƙarin yawan abin da a ke nema. Daga nan su ka bi sawu har su ka same shi jingim a ƙullutun da ke kawo miyau a bakin namijin ɓera. Su ka sa masa suna sinadarin tsiron jijiya. Cikin 1986 a ka ba Rita da Cohen kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Wannan kashi shi ne mafi nauyi a littafin. Marubuciyar ta kan manta ba kowa ne ya zauna ajin likitoci ba, ta jero sunayen gaɓoɓi da na masana har mai karatu ya gaji. Wanda zai juya littafin da Hausa, lalle ne ya sassauta waɗannan shafuffuka, ya ƙara musu zane.

Inda Littafin ke Bukatar Gyara

Jigon littafin yana cikin sunansa. A ganinta, abin da ya fi amfani ga mai bincike shi ne ba da kai gaba ɗaya ga aiki, da rashin tsayawa auna wahalar da ke gaba. Ta sa waɗannan biyu a gaba da kaifin basira da iya yin abu daidai ba kuskure. Ta kawo misalin ƙwari, waɗanda halittarsu ta daidaita tun zamanin da, su ka tsaya a nan, alhali ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da ya ke ba ta kammala ba, kullum tana da wurin ƙaruwa. Magana ce mai ƙarfafa zuciya, musamman ga wanda ya fara riƙe alƙalami da furfura a kansa. Wanda ya ce sai ya iya kafin ya fara, ba zai fara ba har abada.

Amma fa maganar rabin gaskiya ce, labarin da ke cikin littafin kansa shi ne shaida. Wa ya tabbatar da zaton Rita? Hannun Hertha Meyer ne, hannun da ba ya yarda da kuskure. Rayar da tsoka a gilashi aiki ne wanda ƙwayar cuta ɗaya, ko ɗan saɓanin zafi, ko kwalbar da ba ta wanku ba, ke rushe shi. Ita wannan Hertha Bayahudiya ce, an haife ta a Jamus cikin 1902. Ba ta fito da digiri daga jami'a ba, horon ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ta samu a Balin. Hawan Hitila mulki cikin 1933 ya kore ta zuwa Turin, dokar Musolini ta kore ta zuwa Barazil cikin 1939. Can ta yi aiki a ɗakin da a ke haɗa allurar rigakafin zazzaɓin shawara, sa'an nan ta kafa ɗakin rayar da tsoka tare da Carlos Chagas Filho, ta yi ta nazarin ƙwayoyin cututtukan ƙasashe masu zafi. Ta rasu cikin 1990 tana da shekara 88. Littafin ya ambace ta da ƙauna, amma ba ta daɗe a cikinsa ba, duniya kuwa ta riƙe sunan ɗaya ta saki na ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙarfin halin mai zato yana bukatar tsantsenin mai awo, in babu na biyun na farko mafarki ne.

Gyara na biyu ya shafi Hamburger. Shi ya fara tambayar, shi ya gayyace ta, a sashensa a ka yi aikin, shi ma kuwa asalinsa na Yahudawa ne ya raba shi da aikinsa a Jamus cikin 1933. Ba a sa shi cikin kyautar 1986 ba, masana da yawa na wannan fanni su ka ga an tauye shi, zumuncinsa da Rita kuma ya yi sanyi. Ya rasu cikin 2001 yana da shekara 100. Littafin bai raina shi ba, amma shaidar mutum ɗaya ce a kan shari'ar da shi mai shaidar ke ciki. Alƙali mai adalci ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Gyara na uku gargaɗi ne ga mai karatu. Labarin allurar ɗinki da ƙwan kaji yana da daɗi, har ya kan sa a ce ashe kayan aiki ba kome ba ne. Ba haka ba ne. Rita 'yar masu hali ce. Tana da ɗaki nata, da madubi mai kyau, da shekara shida na horo a hannun gwani, da iyalin da su ka ɗauke mata neman abinci. Kada wani mai riƙe da dukiyar jama'a ya fake da wannan labari ya bar ɗakin awo ba wuta, ba ruwa, ba sinadarin rini, ya ce ai wata ma a ɗakin kwana ta yi.

Abin da ya Shafi Ƙasar Yauri

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji cikin 1964, a ka gama cikin 1968. Ruwa ya taso ya ci tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yauri, a ka ta da mutum wajen 44,000 a ka sake musu matsuguni. Tafkin ya kawo lantarki da kifi, amma ruwa mai kwanciya da ciyayi a bakinsa gida ne na 'yan ƙananan dodon koɗi waɗanda ke ɗauke da tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya yi yawa a cikinsa, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ɗan Basarke mai jan taru, da Bagunge mai ban ruwan albasa, da yarinya mai wanke-wanke a bakin gulbi, duk hanyarsu ɗaya.

Wanda ke tabbatar da wannan ciwo shi ne ma'aikacin ɗakin awo. Shi zai tace fitsarin, ya ɗiga gurɓin a gilashi, ya nemi ƙwan nan mai 'yar ƙaya a gindinsa. Shi zai shafa ɗigon jini ya rina, ya faɗa ko zazzaɓin na cizon sauro ne ko na wani abu dabam. Shi zai auna rukunin jini kafin a ƙara wa mai haihuwar da jini ya ɓalle mata. In ya saɓa a nan, rai ne zai tafi. A wannan ɗaki ba a yabon rashin kamala. Majinyaci ya warke ya yi wa likita godiya, ya wuce ƙofar mai awo bai ko san sunansa ba. Wanda ya karanta labarin Hertha Meyer ya fahimce shi, zai tsaya a wannan ƙofa ya yi sannu da aiki.

Akwai kuma maganar asali. Kalmar Bayahude tana da nauyi a kunnen Bahaushe, har a kan jefi marowaci ko mai wayo da ita. Littafin nan ya nuna inda irin wannan jifa ke kaiwa in hukuma ta mai da shi doka: Italiya da Jamus sun kori gwanayensu da hannunsu, Amurka da Barazil su ka tsinta. Sarakunan Musulmi na da sun san darajar gwani, gama Musa bin Maimun, wanda ya rasu cikin 1204, Bayahude ne, ya kuwa yi aikin likita a fadar gidan Salahuddin a Alƙahira. A kan auna mutum da aikinsa, kamar yadda a ke auna jini da abin da ke cikinsa.

Abin da Littafin bai Kai Gare Shi Ba

Da ya ke cikin 1987 a ka buga shi, littafin bai ƙunshi shekarunta ashirin da biyar na ƙarshe ba, su ne kuwa su ka fi kusa da Afirka. Cikin 1992 ita da Paola su ka kafa gidauniya don tunawa da ubansu, daga baya a ka mai da ƙarfinta ga biyan kuɗin karatun 'yan mata da matan Afirka. Abin lura ne a ce da sunan mutumin da ya so ya hana 'yarsa jami'a a ka buɗe wa 'ya'yan waɗansu ƙofarta. Cikin 2001 shugaban ƙasar Italiya, Carlo Azeglio Ciampi, ya naɗa ta 'yar majalisar dattawa ta muddin rai. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ta ci gaba da zuwa ɗakin bincike bayan ta cika shekara 100, ko da ya ke gani da ji sun yi rauni.

Mutanen Yauri sun san abin da a ke nufi da tare wa yarinya hanyar makaranta. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga su ka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri su ka kwashe ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan matan ba su ga gida ba sai cikin 2023. Bayan irin wannan masifa, uban da ya ce 'yarsa ta zauna gida ba za a ce ba shi da hujja ba. Amma in duka su ka zauna, wa zai auna jinin mata a asibitocin ƙasar nan da shekara ashirin? Hakkin hukuma ne ta tsare makaranta, hakkin iyaye ne kada su bar tsoro ya gama aikin da bindiga ta fara.

A taƙaice, Yabon Rashin Kamala littafi ne da ya cancanci a juya shi da Hausa, a karanta shi a ajin manya da makarantun koyon aikin lafiya. Harshensa mai natsuwa ne, gaskiyarsa ta fi ta galibin irinsa, aibinsa kuwa shi ne ya ɗaukaka ƙarfin hali bisa tsantseni, alhali a kafaɗar tsantseni ya hau. Mai karatu ya ɗauki ƙarfin halin Rita ya fara abin da ya ke tsoron farawa, ya ɗauki tsantsenin Hertha ya gama shi daidai. Allah ya ba da ilmi mai amfani, ya kuma saka wa masu aikin da ba a ganinsu.